Yadda Ɗan Kwaleji Zai Daidaita Makonsa Ba Tare da Ya Jiƙa Ƙafa Ba

Ɗalibi, matso kusa. Kai nake nufi, mai jaka a baya da biro uku a aljihu. Na ji kukanka: lakca ta yi yawa, barci bai isa ba, mutanen gida ba sa gane halin da kake ciki, mako ya zo ya wuce ba ka san ta inda ya bi ba. To share hawayenka. Na yi maka alkawari, in ka bi matakan nan tara bi da bi, makonka zai daidaita kamar an ɗora shi a sikeli, ba ranar da za ta fi 'yar'uwarta nauyi, ƙafarka kuma ba za ta taɓa laka ba. Ba cewa na yi wataƙila ba. An riga an gwada a gidanmu.

Ni ne Ladan na Tiga. Shekara ashirin da shida na yi ina jan babbar mota da albasa zuwa kudu, kafin gwiwoyi su sauke ni. Ilmin jadawali kuwa a wurin gwani na ɗauko shi, wato Zayyad, ɗan ƙanena marigayi Alasan, wanda yake shekara ta biyu yana karatun noman rani a wata kwaleji da ke kan hanyar Kano. Ba zan faɗi sunanta ba, don ba ita ta zana masa kwalin ba.

Kafin mu fara, ga abin da ya kamata ka sani don misalan su zauna maka. Da ruwan dam ya cinye tsohon garinmu, iyayenmu suka sami wani zirin ƙasa a bakin ƙaramin kanal, suka raba shi gida-gida. Suka kafa doka da bakinsu: kowane lambu yana da ranar ruwansa sau ɗaya a mako, awa biyu. Wanda ya bar ruwansa ya wuce sau uku a jere, a karɓe lambun a ba na gaba a layi, domin masu jira suna da yawa, ƙasar kuwa ba ta ƙaruwa. Lambun Alasan fangali arba'in ne na albasa. Ranarsa Laraba, bakwai zuwa tara na safe. Da shi Hasiya, uwar Zayyad, take ci, take ciyar da ƙannensa mata uku. Tun rasuwar ƙanena ni nake ban ruwan, shekara huɗu, ina jan ƙafa. Bana, ranar da aka gama dashe, sai Zayyad ya miƙe a gaban mutane ya ce, "Baffa, ka huta haka nan. Abin nan fa shi nake karantawa. Zan sa shi a jadawali."

Ya kuwa sa. Ga yadda ake yi.

Mataki na Ɗaya: Fara da kwali, kada ka fara da aiki

Kada ka kuskura ka rubuta jadawali a bayan littafi kamar mai shago. Nemi farin kwali mai faɗin sallaya, da rula, da maka, wato alƙalamin nan mai kaurin baki, kala biyar. Ja na karatu. Shuɗi na hutu. Kore na motsa jiki. Ruwan ɗorawa na zumunci. Baƙi na ayyukan gida. Baƙin kada ka damu da neman mai kyau, ba wani aiki zai yi ba.

Ware kwana uku cur don zane. Layi ya ɗan karkace? Yaga, ɗauko sabo. Zayyad kwali huɗu ya yaga kafin na biyar ya karɓu. Mutumin da layinsa bai miƙe a takarda ba, ta ina rayuwarsa za ta miƙe? In wani ya ce maka kwana ukun nan su ma a cikin makon suke, ka yi masa uzuri, bai je makaranta ba.

In ka gama, manna shi a bango daidai inda mai leƙo ɗaki zai fara gani. Ɗauki hotonsa ka tura wa abokai. Rabin aikin ke nan ka yi. Ɗaya rabin ba dole ba ne.

Mataki na Biyu: Fara mako daga Litinin, ka tura gida can wutsiya

Mu nan makonmu a dagule yake: ranar ruwa, ranar kasuwa, Juma'a, sai kuma ranar ruwa ta sake zagayowa. Wannan tsarin mutanen da ne. Kai naka makon kwana biyar ne na gaske, da waɗansu biyu a wutsiya inda ake zuba tarkace: wanki, aski, gaida uwa, gona.

Saboda haka ɗauko baƙar maka ka rubuta "Gona" a gidan Asabar, goma zuwa sha biyu.

Za a ce maka ranar Asabar kanal ɗinmu a bushe yake, har kaji na tono a cikinsa. Wannan matsalar kanal ce, ba taka ba. Kai dai ka je a kan lokaci. Zagaya lambun hannuwa a baya. Tsuguna, ɗebi ƙasa, murza ta tsakanin yatsu, ka girgiza kai ka ce, "Akwai ƙarancin danshi." Faɗa da ƙarfi yadda na lambun kusa zai ji. Rubuta a littafi. In awa biyu sun cika, koma ɗaki ka ja 'yar alamar nan ta an gama. Babu abin da ya kai alamar nan sanyaya rai. Albasa ce kawai ba ta san daɗinta ba.

Mataki na Uku: Cika safiyar Laraba kafin wani ya cika maka

Ranar Laraba Zayyad ba shi da lakca sai sha biyun rana. Daga ɗakin da yake haya kusa da kwalejin zuwa lambu kuwa tafiyar minti arba'in ce a babur. Ka ga babban haɗari ke nan: fili a buɗe, kowa zai iya cusa maka aiki a ciki. Toshe shi tun da wuri. Ga yadda gwanin ya toshe nasa.

Shida zuwa bakwai, gudu. Bakwai zuwa takwas, zama da kai. Takwas zuwa tara, karin kumallo mai gina jiki. Tara zuwa goma, bitar jadawali.

Na tambaye shi, "Zayyadu, mene ne kuma zama da kai?"

Ya ce, "Shiru ake yi, Baffa, a rufe ido a saurari zuciya."

"Me take ce maka?"

"Ba magana take yi ba. Natsuwa ce."

Na ce, "To ai mu ma muna yin wannan. A bakin fangali muke yi, ruwa na shiga muna shiru."

Ya yi murmushin tausayi ya ce wannan ba ya shiga lissafi, tunda akwai aiki a cikinsa.

Gudun ma haka. Sa gajeren wando da farin takalmi, ka bi gefen titi kana haki, ba wanda ya biyo ka, ba wanda ka biyo. Kada ka yarda a ce maka yashe magudana da shebur ma motsa jiki ne. Gumin da yake haifar da albasa gumin ƙauye ne. Gumin mai ilmi shi ne wanda in ya bushe ba ya barin komai sai wari a riga.

Larabar farko ke nan. Dikko, wanda muka naɗa yake buɗe ruwa yana juya shi daga lambu zuwa lambu, ya tsaya a bakin lambun Alasan ƙarfe bakwai. Ya duba gabas, ya duba yamma. Tara ta yi, ya juya ruwan zuwa na gaba. Shi Dikko ba ya rubutu. Akwai turke a bakin kowane lambu, in ruwa ya wuce ba a karɓa ba sai ya ɗaura tsumma a jiki, kowa ya gani. Ran nan ya ɗaura ɗaya.

Mataki na Huɗu: Raba kanka daidai wa daida, kada uwa ta fi kowa

Asirin daidaito shi ne kada ka bar wani ya ci rabon wani. Uwa mutum ce, abokin ƙwallo ma mutum ne. Kowa ka yanka masa nasa.

Zayyad ya ba kiran gida minti goma sha biyar, Lahadi bayan la'asar. Sauran kwanaki, musamman lokacin zama da kai, waya a kashe. Akwai kuma wata yarinya Nusaiba da yake zuwa zance wurinta a Bebeji. Ita ta sami Alhamis, huɗu da rabi zuwa biyar da kwata. An ce ran nan tana tsakiyar ba shi labarin rashin lafiyar kakarta wayarsa ta yi ƙara, ya miƙe ya kakkaɓe wando ya ce lokaci ya cika. Ta ce masa, "Makon gaba kada ka wahalar da kanka, ka aiko kwalin. Shi ma ai zai iya zama a kujera."

Kada irin wannan ya karya maka gwiwa. Duk mai tsari sai an yi masa hassada.

Da yammacin Larabar nan Hasiya ta shigo gidana, ko zama ba ta yi ba. Ita ba ta kiran sunansa, ɗan fari ne.

"Yaya, ɗan naka fa ban gane masa ba. Tun safe nake kira, wata mata ce take ta amsawa, wai a sake gwadawa."

"Ba uwarsa ba ce ita ma? Ta fi ki samunsa."

"Yaya, ba wasa na zo ba. An ɗaura tsumma a turkenmu. A wurin niƙa na ji, a bakin matar Maikano, har tana yi mini jaje."

Maikano shi ne na gaba a layi. Shekara shida yana jiran lambu. Mutum ne mai ladabi, ba ya wuce kowa bai gaisa ba, kuma ya san ranar ruwan kowane gida fiye da masu gidan.

Mataki na Biyar: In jadawali ya ci karo da ruwa, gyara ruwan

Nan ake gane wanda ya yi karatu da wanda ya leƙa aji kawai. Ɗan koyo in ya ga tsumma a turke sai ya ruga ya goge kwali. Kai kada ka taɓa kwalinka. Kwana uku ka yi kana zana shi. Kanal fa, wa ya san kwana nawa aka yi ana tsara shi?

Rubuta wasiƙa. A buga maka ita a na'ura, a sa a ambulan.

Ranar Asabar, bayan ya gama murza ƙasa, Zayyad ya sami Dikko a gindin mangwaro yana gyaran ƙotar fartanya. Ina wurin, a kan benci. Ya gaishe shi sama-sama ya miƙa masa.

Dikko ya juya ambulan ɗin gaba da baya. "Injiniya, gayyatar biki ce?"

"Buƙata ce, Baba Dikko. Ina neman a mayar da ruwan lambunmu Asabar, goma zuwa sha biyu. Larabata a cike take."

"Da me?"

"Akwai abubuwa da dama."

"Asabar ruwa yana ɗaya ɓangaren, wurin masu tumatir. Gida goma sha tara. In gaya musu me?"

"Sai a zauna a sake fasalin tsarin gaba ɗaya. Ni zan iya zana muku, ina da sauran kwali."

Dikko ya dube ni, na dubi sama. Ya ninke wasiƙar gida huɗu, ya cire hula ya jefa ciki, ya mayar da hular. Ya ce, "To, na ji."

Lura da kyau, ɗalibi, domin nan ne ƙwarewar take. In dattijo ya ce maka "to, na ji," ka ɗauka an amince. Kada ka tambaya, tambaya tana jawo amsa. Wuce gida ka ce wa uwarka da baffanka, "Ku kwantar da hankalinku, mun gama magana da Baba Dikko, takarda tana hannunsa." Ni da nake zaune a wurin na san ba a gama komai ba. Amma da ya ce daga baya ya sake komawa sun daidaita, sai na yarda. Abin da ya koma yi, ashe, tambaya ce ko takardar tana nan. Dikko ya taɓa hula ya ce tana nan.

Mataki na Shida: Muddin takarda tana gaban hukuma, kada ka motsa

Wannan gajere ne, kuma ya fi kowane sauƙi. Wanda ya shigar da buƙata ba ya zuwa aiki sai an ba shi amsa, in ba haka ba ya raina takardarsa.

Laraba ta biyu Zayyad ya yi gudunsa, ya zauna da kansa, ya ci ƙwai biyu da ayaba, ya yi bitar jadawali ya ga komai yana tafiya daidai.

Dikko ya ɗaura tsumma na biyu. Wannan karon shuɗi ne, kalar hutu.

Da na je da yamma na ga albasar, ganyen ya kwanta ya yi fari-fari daga sama, ƙasar ta tsage kamar diddigen manomi. Maikano ya zo wucewa a keke, ya sauka musamman ya gaishe ni, ya tambayi gwiwa, ya ce Allah ya ƙara sauƙi. Idonsa na kan turke.

Mataki na Bakwai: In an matsa maka, sassauta, amma a inda akwai fili

Wani lokaci mutanen gida za su taru a kanka. Uwa za ta yi kuka, baffa zai buga sanda a ƙasa. Kada ka yi gardama. Mai ilmi yana sauraro. Ka ce, "Na ji, na kuma gyara. Na mayar da gona Laraba."

Haka Zayyad ya ce mana ranar Lahadi, a cikin minti goma sha biyar ɗinmu.

Na karɓi wayar daga hannun Hasiya na ce, "Ƙarfe nawa?"

"Da safe, Baffa."

"Safe tana da tsawo. Ƙarfe nawa?"

"In sha Allahu da safe. Baffa, lokacin kira ya ƙare."

Ga abin da ya yi, don ka koya. Ya duba safiyar Laraba ya ga gudu ba ya taɓuwa, don lafiya ce. Zama da kai ba ya taɓuwa, don hankali ne. Karin kumallo ba ya taɓuwa. Bitar jadawali kuwa ita ce uwar tafiyar. Inda ya rage fili shi ne bayan goma. Nan ya rubuta "Gona." Hujjarsa, wadda ya faɗa mini daga baya, ita ce dam cike yake maƙil, a ilmance babu dalilin da zai hana a ba mutum ruwa ƙarfe sha ɗaya.

Ni dai "da safe" ɗin nan ba ta kwanta mini ba. Ranar Laraba ana idar da sallar asuba na ɗauki sanda da shebur. A ƙofar gida na tarar da Hasiya ta riga ni fitowa, da mayafi da murfin kwano a hannu. Muka kama hanya har bakin kanal.

Abin da ban lissafa ba shi ne magudana, wato 'yar hanyar da ke ɗauko ruwa daga kanal zuwa cikin lambu. Sati uku ba wanda ya taɓa ta. Gefenta ya rufta, shanun da suka bi ta wurin sun tattake, ciyawa da yashi sun cike sauran. Aikin awa ɗaya ne ga mai gwiwa.

Bakwai daidai Dikko ya buɗe. Ruwa ya taho ya tsaya a bakin magudanar, yana juyawa a wuri ɗaya. Na durƙusa, don tsayuwa ba ta yiwuwa, ina sara ina turawa. Hasiya tana bayana tana kwashe laka da murfin kwano. Matar da tun aurenta ba ta taɓa shiga kanal ba, ga ta cikin taɓo har ƙwauri. Muka yi ta ci gaba kamu-kamu, ruwan na bin mu a baya kamar akuya.

Maikano yana gindin mangwaro tun bakwai da rabi. Ya ɗaga murya ya ce, "Sannunku da aiki, Alhaji Ladan! A dai bi a hankali, saboda gwiwar."

Tara ta yi. Dikko ya juya mana baya yana kallon wani tsuntsu da babu shi. Tara da minti goma. Tara da kwata. Mai lambun gaba ya fara gyaran murya, shi ma da gaskiyarsa, nasa barkonon yana jira. Na ɗaga kai na auna abin da ya rage tsakaninmu da fangalin farko. Kamu huɗu.

Dikko ya zo ya tsuguna kusa da ni. "Yaya Ladan, in na ƙara, na shiga haƙƙin wani."

Na ce, "Juya, Dikko. Ba kai ka yi ba."

Ya juya ruwan. Sannan ya nufi turke yana lalube aljihu, na dama, na hagu, na ƙirji. Ya ce, "Af, yau kuwa ban fito da tsumma ba. Sai dai ko wani lokaci."

Maikano ya taso da sauri, cikin ladabi. "Ga hankicina, Malam Dikko. Kada a jinkirta maka aiki."

Fari ne, a goge, a ninke. Da ganinsa ka san tun jiya aka tanade shi.

Sha ɗaya saura minti ashirin babur ya tsaya. Zayyad ya sauko da littafi a hammata da sabon takalmin roba mai tsawo, ko ƙura bai taɓa gani ba. Ya dubi kanal, ya dubi agogo.

"Baffa, har an rufe? Ai ban makara ba."

Gaskiya ya faɗa. A jadawalinsa bai makara ba.

Hasiya tana zaune a kan kunya tana kankare laka daga ƙafa da tsinke. Ba ta ɗago ba. Ta ce, "Yaya, ka ce wa ɗan naka ya juya. Kada ya rasa lakcar sha biyu."

Mataki na Takwas: Yi bita, ka gano laifin tsarin

Bayan kowane mako, mai tsari yana zama ya duba abin da ya yi kyau da abin da ke son gyara. Zauna. Za ka ga gudu bai taɓa faɗuwa ba, zama da kai bai taɓa faɗuwa ba, barci awa takwas cif. Cikin gida hamsin da shida na kwalin, guda ɗaya tak aka samu matsala. A makaranta wannan sakamako ne na yabo.

Sannan ka nemo musabbabi. Zayyad ya gano uku: manomanmu ba su da tsari a rubuce, ba sa amsa wasiƙa, kuma ba sa karɓar canji. Ya ce zai yi rubutu a kai.

Ga kuma ribar da ba ka zata ba. Tunda lambun ya koma hannun Maikano, yanzu gidan "Gona" ya zama fili, Asabar da Laraba duka. Baƙar maka ta huta gaba ɗaya. Mako ya daidaita yadda na yi maka alkawari tun farko, ba abin da ya rage mai nauyi a cikinsa. Nauyin ya koma gidan Hasiya, inda aka fara auna tuwon dare da ido, ita kuma ta karɓi surfe da wankau daga maƙwabta. Amma wannan ba ya cikin kwali, don haka ba sai ka duba ba.

Mataki na Tara: Jira makaranta ta sa maka shi da jar maka

Wannan matakin ba kai za ka yi shi ba, yi maka za a yi.

Bayan sati uku kwalejin ta ce duk ɗaliban noman rani su fita aikin gwaji. Kowa ya nemi lambu, ya yi ban ruwa da hannunsa sati goma, mai lambun ya riƙa sa hannu a takarda duk mako. Wanda bai kawo takarda cikakkiya ba, ya maimaita shekara.

Zayyad ya zagaya. Ya je wajen Kiru, ya je Ɗansoshiya, ya dawo Bebeji. Ko'ina labarin tsumma uku ya riga shi isa. Wani ya ce masa lambunsa ƙarami ne, ba zai ɗauki ilmi mai yawa ba. Wani ya tambaye shi ko ya zo da wasiƙa. Mutum ɗaya ne ya karɓe shi hannu biyu.

"Haba, Injiniya, ai gida ne," in ji Maikano. "Wa ya fi ka sanin wurin? Na sake dashe. Laraba ce, bakwai zuwa tara. Amma ka riƙa zuwa shida da rabi, saboda magudana."

Ya koma ɗaki ya sayi sabon kwali. Gudu ya tashi. Zama da kai ya tashi. Karin kumallo mai gina jiki ya koma ƙosai a leda a kan babur. A gidan Laraba ya rubuta "Aikin gwaji" da jar maka, kalar karatu.

Sati goma bai fasa ko ɗaya ba. Shida da rabi yana cikin magudana, laka har gwiwa. Maikano yana kan kujera 'yar tsugunne da rediyo, yana nuni da tsinken sakace.

"Injiniya, fangali na sha bakwai bai ƙoshi ba."

"To, Baba Maikano."

"In ka gama ka zo in dangwala maka yatsa a takarda."

Ka gani ke nan, ɗalibi. Ruwan nan dai shi ne. Ranar ita ce, awar ita ce, ƙasar ita ce wadda kakansa ya karɓa da ruwa ya ci garinmu. Abin da ya canja kalar maka ce kawai, da gidan da albasar za ta shiga. Da aka cire, Maikano ya aika wa Hasiya da kwano guda, ya ce a sa a miya, albarkacin yaro ya yi ƙoƙari. Ita da a da take aika wa matarsa. Ta karɓa ta yi godiya, don akwai yara a gidan. Zayyad kuwa ya ci jarrabawar gwajin da maki mai kyau, har Maikano ya ce in yana so ya ci gaba da zuwa, ƙofa a buɗe take. Yana zuwa.

Sanarwa

Duk wanda ya bi matakan nan, shi ya ga dama. Ni Ladan ban sayar wa kowa kwali ba, ban riƙe wa kowa rula ba. In lambu ya bushe, ko budurwa ta sallame ka, ko uwarka ta koma yi maka magana ta bakin wani, kada a doso ƙofar gidana. Na yi alkawarin mako zai daidaita, ya kuma daidaita. Ban ce za a ci abinci a cikinsa ba.

Mai ƙorafi kada ya rubuto wasiƙa, hular Dikko ta cika. Ya zo da ƙafarsa. Ana samuna ranar Laraba, bakwai zuwa tara, a bakin kanal, jikin turken nan, na miƙe gwiwa ina kallon ɗan ƙanena yana ba albasar Maikano ruwa. Ya iya, wallahi. Yadda yake karya bakin fangali da fartanya sara ɗaya, ya tare ruwan da ƙafa, hannun Alasan ne sak.